Kokowar Kwaɗi da Faɗan Sangoku: Tarihin Zane Mai Motsi Tsakanin Japan da Nijar

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri a jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, kaka ita ce lokacin kokowa. Idan an gama yankan hatsi an cika rumbu, samari kan ɗaura walki su fita fage, makaɗa na kiɗa, ana kirari ana zuga, kowane gari yana so a ce ɗansa ne ya yi kaye. Amma duk wanda ya taɓa zama a bakin fagen kokowa a Nijar ya san ba ƙarfi kaɗai ake zuwa kallo ba. Tsakanin wannan karawa da waccan akwai ƴan cali-cali, masu rataya tarkace a madadin layu, suna kwaikwayon taƙamar zakaru da yadda aka ɗaga wane aka maka da ƙasa, jama'a na dariya har da dangin wanda aka kayar. Faɗa da raha sun daɗe suna zama a fage guda a wannan ƙasa, tun kafin a san allon silima.

Saboda haka, lokacin da zanen Japan mai motsi, wanda ake kira anime, ya fara shigowa ta talabijin da kaset da faifai, bai zo wa ɗan Arewa da baƙon abu ba. Jarumi ya yi duka, ya yi wauta, a yi dariya, a koma duka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijar tana da nata mai zanen da ya haɗa faɗa da raha a fim, kuma ya fara aiki kusan lokaci guda da magabatan Japan. Sunansa Moustapha Alassane, fim ɗin kuwa Kokoa. Idan aka ajiye wannan fim kusa da Dragon Ball, jerin faɗa da barkwanci na Japan da ya fi kowane suna a ƙasashe masu amfani da Faransanci, za a ga abin da kowannensu ya iya, a kuma gane dalilin da ya sa ɗaya ya cika duniya, ɗayan kuwa ya zama baƙo a gidansu.

Mafari a ƙasashe biyu

Ranar 1 ga Janairu 1963 tashar Fuji ta Japan ta fara nuna Tetsuwan Atomu na Osamu Tezuka, labarin wani yaro mutum-mutumi mai ƙarfi. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma zana wannan adadi da hannu kowane mako ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani. Tezuka ya rage yawan zanen, ya bar jiki a tsaye baki kaɗai ke motsi, ya riƙa maimaita zanen da aka riga aka yi amfani da shi. Da wannan tsimi ya fitar da kashi 193. Dabarar da talauci ya haifa ita ce daga baya ta zama salon da aka san Japan da shi.

A daidai wannan lokaci, a Yamai, wani saurayi yana fama da irin wannan matsala shi kaɗai. An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dougou, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana yaro yakan yi zane ya haska shi da fitila daga cikin akwati, ya tara yara su kalli inuwa tana motsi. Hannunsa na zane ya kai shi aiki a cibiyar bincike ta Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim. Daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada, wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi na hukumar fina-finan ƙasar. A 1962 ya fitar da Aouré, kan al'adar aure. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, tatsuniyar fadar wani sarkin kwaɗi, wadda ta sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A 1966 ɗin ya yi Bon voyage Sim, fim na minti biyar, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, aka yi masa fareti da tarba da jawabai, kowa na kumbura wuya. Shekara shida ke nan da samun mulkin kai, kuma babu mai kallon da zai kasa gane da wa ake.

A wannan shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, wanda da mutane aka yi shi. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da hulunan kaboyi da bindigogi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan jarumin fim, suka saci dawaki suka addabi gari. Djingarey Maïga da Zalika Souley suna cikin ƴan wasan. Wato tun a 1966 Alassane ya riga ya yi tambayar da iyaye za su riƙa yi shekaru talatin daga baya a ƙofar gidajen bidiyo: me fim ɗin baƙi ke mayar da yaran gari?

Sangoku da gasar faɗa

Akira Toriyama ya fara buga Dragon Ball a 1984 a mujallar zane ta mako-mako mai suna Shonen Jump. Ya ɗauko ƙashin labarin daga wani tsohon littafin ƙasar Sin na tafiyar wani sarkin birai zuwa yamma, ya gauraya shi da irin faɗan barkwanci na fina-finan Jackie Chan. Kamfanin Toei ya mayar da shi zane mai motsi a 1986, aka yi kashi 153, sannan Dragon Ball Z ya biyo baya daga 1989 zuwa 1996 da kashi 291. A 1988 tashar TF1 ta Faransa ta fara nuna shi a shirin yara na Club Dorothée. Da wannan fassara ta Faransanci ya iso ƙasashe irin su Nijar, shi ya sa a nan Sangoku aka fi sanin jarumin da shi.

Ƙarfin jerin farko yana cikin rahar sa. Sangoku yaro ne mai wutsiyar biri, ƙarfi kamar na giwa, wayo kuwa babu, ciki ba ya ƙoshi. Malaminsa tsoho ne mai kwaɗayi da son mata, amma idan aka zo faɗa babu na biyunsa. A gasar faɗa ta duniya, wadda take da fage da alƙali da mai shela da ƴan kallo kamar kowace kokowa, abokin Sangoku mai suna Krilin ya haɗu da wani ƙato wanda makaminsa warin jiki ne. Yana dab da suma sai aka tuna masa cewa ai shi ba a zana masa hanci ba, nan take ya miƙe ya ci wasa. A wannan gasar dai malamin ya ɓad da kama ya shiga da wani suna, don ya kayar da almajiransa kada nasara ta sa su girman kai tun suna yara. Wannan darasi ne da kowane tsohon ɗan kokowa zai yarda da shi.

Raunin jerin ya bayyana ne da ya yi tsawo. A Dragon Ball Z raha ta ja da baya, dabara ta ba ƙarfi wuri. Kowane sabon abokin gaba ya fi na baya, kowane faɗa sai an ja shi makonni, ana ihu ana tara ƙarfi, domin masu zanen talabijin suna jiran mai mujalla ya yi gaba. A Faransa ma an yi ta ƙorafi kan yawan duka da jini a zanen Japan, har Ségolène Royal ta rubuta littafi a kai a 1989, kuma an riƙa datse wasu wurare kafin a nuna. Duk da haka yara ba su gaji ba, saboda an ba su abin da ke riƙe mai kallo: jarumi guda da suka ga ƙuruciyarsa da aurensa da ƴaƴansa, da kuma alkawarin cewa mako mai zuwa akwai ci gaba.

Kwaɗi a fage

Gasar kokowa ta ƙasa a Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi, an fara ta ne a Tawa a 1975, a zamanin Seyni Kountché, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Jihar Doso ta ba da nata zakaru: filin kokowar birnin Doso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, kuma a shekarun baya-bayan nan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobin sau da dama. Idan ana gasar, rediyo da talabijin ba su da wani zance. A garin Tawa, inda aka fara wannan gasa, Alassane ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, bayan ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekara goma sha biyar, kuma a can ya kafa ɗakin aikinsa.

Kokoa, wanda aka fi sanin sigarsa ta 2001, fim ne na minti 13 da aka yi da ƴan tsana. Ana ajiye ƴar tsana a ɗauki hoto, a ɗan gusa hannunta a sake ɗauka, haka har motsi ya cika. Minti 13 ya ƙunshi hoto 18,720, kuma ko da an ɗauki kowane motsi sau biyu, sai an taɓa ƴan tsanar fiye da sau 9,000. Aikin da ake raba wa ma'aikata masu yawa a Tokyo, shi da hannunsa da ƴan mataimaka kaɗan ya yi shi. Tun a 1977 ya gwada wannan hanya a Samba le grand.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. An buɗe fage a ƙasar kwaɗi, jama'a sun taru, makaɗa na aiki, mai shela na bayani, ƙaguwa ce alƙaliyar wasa. Kwaɗi na shiga, hawainiya na shiga, tsuntsu ma na shiga, a kama a kayar. Gwanintar fim ɗin tana cikin lura. Alassane ya san yadda ɗan kokowa ke zagaya abokin karawarsa, yadda yake duƙawa yana neman ƙafa, yadda ƴan kallo ke tashi gaba ɗaya idan an yi kaye. Da ya ɗora waɗannan a jikin kwaɗo mai tumbi da siraran ƙafafu, sai taƙamar ta zama abin dariya ba tare da an zagi kowa ba. Aikin ƴan cali-cali ke nan, aka mayar da shi fim. Haka kuma hanyar tatsuniya ce, inda Gizo da kura da zaki ke ɗaukar halayen mutane don a faɗi abin da ba a faɗa wa babba a fuska. Wanda ya ga Bon voyage Sim zai gane cewa kwaɗin nan su ne dai na 1966, sun bar fadar shugaban ƙasa sun koma filin wasa, inda hukuma da talakawa ke haɗuwa sau ɗaya a shekara.

Yana da nasa rauni, kuma ɓoye shi ba zai ƙara wa marigayin daraja ba. Babu jarumi guda da mai kallo zai bi, a san gidansu da abin da ya kawo shi fage. Karawa ce ke bin karawa har a tashi. Motsin ƴan tsanar wani lokaci yana da tsalle-tsalle, irin na aikin da aka yi da kayan da aka samu. Mafi girma kuma, babu kashi na gaba da yaro zai kwana yana jira. A wajen sanin fage da iya raha, Kokoa ba ya jin kunyar tsayawa kusa da gasar da Toriyama ya zana, har ya fi ta kusa da abin da ɗan Arewa ya sani da idonsa. A wajen riƙe mai kallo wata da watanni, ba a ma fara gasar ba.

Zamanin kaset

Abin da ya raba makomar ayyukan biyu ya faru ne a kasuwa. Kamfanin JVC ya fitar da kaset ɗin VHS a 1976. A 1983 aka sayar da Dallos a Japan, zane mai motsi na farko da aka yi don kaset kai tsaye, ba tare da ya bi ta silima ko talabijin ba. Daga nan kowane jeri ya zama yana da rayuwa iri-iri: mujalla, talabijin, kaset, kayan wasan yara, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa.

Ƙasar Hausa ma ta gano wannan hanya da kanta. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kuma cikin shekara goma ƴan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata sun mayar da fim ɗin Hausa haja kamar atamfa. A ɓangaren barkwanci babu kamar Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan, tsohon ma'aikacin gidan yari, wanda ya riƙa ɗaukar duk abin da duniya ke magana a kai ya mayar da shi wasa, kamar yadda ya yi a Ibro Usama a 2002. Fina-finan camama irin nasa ba su da tsada, ba su da kyan hoto, amma suna da abin da Sangoku yake da shi: fuska guda da ake jira, da sabon kaset kafin a manta da na baya.

Ƙasar Arewa tana kan hanyar wannan haja. Dogon Dutsi na bisa babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, kimanin kilomita 270 daga babban birnin, kuma iyakar Nijeriya ba ta da nisa. Tibirin Arewa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana maƙwabtaka da jihar Kebbi, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwanni na cin juna. Ta nan kaset, daga baya faifan CD, suka riƙa shigowa, na Kano da na Indiya da na ƴan Sin masu karate. Mai talabijin da injin wuta ya kafa rumfa ya karɓi kuɗin shiga. Zanen Japan ya bi ta tashoshin tauraron ɗan Adam da faya-fayan da ake kwafa, daga baya kuma ta katin waya. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta nuna a littafinta na 2019 kan fada, wato majalisar shayi ta samari, yadda kiɗa da fina-finan waje suka shiga cikin sunaye da kwalliya da mafarkin matasan da aiki ya yi wa wuya. Abin da Alassane ya yi wasa da shi a 1966 ya zama rayuwar yau da kullum.

Fina-finansa kuwa wata hanya suka bi. An yi su ne a tsarin silimar ƙasashe renon Faransa, inda kuɗin aiki ke fitowa daga hukuma ko ofisoshin haɗin gwiwa, fim kuma ya tafi bukukuwa da cibiyoyin al'adu. Da gidajen silima suka mutu, darajar CFA kuma ta faɗi da rabi a Janairun 1994, wannan tsari ya rasa masu kallo a gida. Alassane bai zauna ba. Ya riƙa ɗora majigi a mota yana kai fim ƙauyuka, kuma da tsufansa ya koyi aiki da kwamfuta. Amma mota ɗaya ba ta yin abin da dubban dillalai ke yi. Ibro ya sami ƴan kasuwa bai sami masu adana aikinsa ba, Alassane ya sami masu adanawa bai sami ƴan kasuwa ba. Sun rasu kusa da juna, Ibro a Kano a Disambar 2014, Alassane a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Toriyama ya bi su ranar 1 ga Maris 2024, aka yi ta jimaminsa a ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Abin da ya rage

Wannan ba shi ne karo na farko da labarin wannan yanki ya yi suna a waje fiye da gida ba. A Lugu, cikin gundumar Dogon Dutsi, Sarauniya ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma a Wagadugu ya ci babbar lambar FESPACO a 1987. Shi ma Alassane, Faransa ta ba shi lambar girma a bikin Cannes a 2007, gidan adana fasahar zamani na New York kuma ya shirya nunin fina-finansa a 2017. Girma ne da ya cancanta, sai dai masu zuwa irin waɗannan wurare ba su ne suka san kiɗan kokowa ba.

Tarihin ya nuna cewa ba ƙarancin basira ne ya hana ƙasar Hausa samun nata jerin zane na faɗa da raha ba. Kayan aikin suna nan: fagen kokowa da dambe da sharo, kirari, ƴan cali-cali, Gizo da Ƙoƙi, ga kuma misalin mutumin da ya nuna cewa ana iya yi da ƴar tsana da haƙuri. Abin da ya ɓace shi ne haɗuwar mai zane da ɗan kasuwa, wadda Japan ta samu tun zamanin Tezuka, Kano kuma ta samu a fim ɗin mutane. Yanzu da masu fassara irin su Algaita suka nuna cewa jama'a na son jin fim ɗin kowace ƙasa da Hausa, waya kuma ta maye gurbin kaset, kuɗin kai fim ga mai kallo ya ragu ƙwarai. Minti 13 ba su fi ƙarfin katin waya ba. Matakin farko mai sauƙi ne ga masu riƙe da haƙƙin fina-finan da hukumomin al'adu na Nijar: a nuna Kokoa a makarantu da filayen kokowa na Dogon Dutsi da Tibiri da Matankari a lokacin kaka, a gaban yaran da suka san Sangoku, a bar su su yanke hukunci da kansu.